Kujerun Maman 'Yan Biyu

Maigidana gyaran kujeru yake yi, irin na kushin ɗin nan da ake sawa a falo. A kawo masa kujerar da sosonta ya mutu, yadinta ya yage, sifirin ya leƙo yana yagar wa baƙi riga, ya tuɓe ta har sai katako ya fito fili, sannan ya mayar da ita yadda mai ita ma sai ya tsaya yana tambayar ko tasa ce. Shekara goma sha shida ke nan yana wannan aiki a shago ɗaya, can bayan layin masu walda, inda ba mai bi sai wanda ya ɓata hanya. Hannunsa kam ko maƙiyinsa ba ya kushe shi. Baki ne Allah bai ba shi ba. Mutum ne da za ku yi awa biyu a mota ɗaya, ka sauka ba ka san sana'arsa ba, shi kuwa ya riga ya san kujerar da kake kai saura wata nawa ta lotsa.

Ni aka ba bakin, har da rabonsa. Mahaifiyata takan ce tun ina goye nake gaisawa da mutanen hanya. In na shiga layin asibiti, kafin a kira ni na san mai ciwon ƙafa da mai rakiya da wadda ta zo don kawai ta huta da hayaniyar gida. Ban taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba sai a shekarar da aiki ya ja baya a shagon.

Abin da ya faru shi ne an cika bakin titi da sababbin kujeru masu ƙyalli da araha, waɗanda ba sa kai shekara biyu, amma wa ya damu da shekara biyu ranar da yake saye? Mutane suka rage kawo gyara. Sai in kai masa abincin rana in tarar ya share shagon sau biyu, ya jera guduma da almakashi da filaya a kan tebur bisa tsawonsu, yana sauraron rediyo. Ba mu rasa abin sawa a baki ba, kada in yi wa Allah butulci. Amma mutumin da ya saba aiki, zama ciwo ne a wurinsa.

Ana haka yayansa ya bugo waya. Yaya babba ne a wani kamfanin ƙera kujeru a gari mai nisa, tafiyar yini guda cur a mota. Ya ce za su buɗe sabon sashe nan da wata uku, suna neman wanda ya iya ɗinki da ɗaurin yadi, kuma ya riƙe wa ƙaninsa gurbin. Albashi duk wata, ɗaki kusa da wurin aiki, zuwa gida kuwa sai bayan wata biyu-biyu. Ya ce ya ba shi wata ukun ya yi shawara. Maigida ya yi godiya, ya ajiye wayar, ya ce mini in abubuwa ba su canza ba zai rufe shagon ya tafi.

Ban so ba ko kaɗan. Ina son mijina a gida, ina son jin ƙarar babur ɗinsa da yamma, da yadda yaranmu biyu suke rige-rigen buɗe masa ƙofa. Shekara goma sha huɗu da aurenmu bai taɓa yin sati a waje ba. Na ce masa ya ba ni wata ukun nan, shi ya riƙe guduma ni in riƙe magana, ya kuma bar ni in riƙa ɗiban hotuna daga wayarsa. Ya ce wayar ai ba komai a cikinta sai kujeru. Na ce su nake so.

Daga ranar na zama 'yar tallan shago. A ƙofar makarantar yara, inda iyaye ke tsayuwa jiran tashi, na daina hirar tsadar kaya na koma hirar ciwon baya, don in aka fara maganar baya ba a daɗewa ake isowa ga mataccen soso. A wurin gyaran gashi na zauna a kan wata kujera da ta karkace, na ce wa mai shagon kujerar nan tana korar mata mutane ba ta sani ba, na bar mata lamba. A asibiti na ja wata nas da hira har ta kusa mantawa da na bayana, na nuna mata bencin jira da ledarsa ta tsage aka liƙe da salatef. Ko a motar haya, in na ga mutum ya fito da waya, kafin ya sauka lambar maigida ta shiga ciki. Ƙanwata ta ce in ban yi hankali ba wata rana zan je duba mara lafiya in ɓuge da duba katifarsa. Na ce mata zomo ba ya kamuwa daga zaune.

A waya ma ban zauna ba. Ina cikin guruf huɗu: na iyayen yaran makaranta, na matan layinmu, na 'yan ajinmu na sakandare, da na dangi, wanda ba a komai a cikinsa sai gaisuwar safiya da faɗa. Na buɗe wa shagon shafi, na riƙa ɗora hotunan kujerun da ya gama, an goge su an jera a ƙofar shago. Mutane suka yi ta yabawa. Allah ya ba da kasuwa, Allah ya sa albarka, wannan ta yi kyau. Addu'a kam mun sha ta, amma wata guda ya wuce aiki biyu kacal ya shigo, ɗaya ma kujerar mai gyaran gashin ce. Masu kira kuwa sun ɗauka sababbi muke sayarwa, da na ce gyara ne sai su ce za su sake kira.

Na tambayi maigida ina duk mutanen da ya yi wa aiki a shekarun nan, me ya sa ba sa turo 'yan uwansu. Tela in ya yi ɗinki mai kyau, mai rigar da kanta take faɗin sunansa. Ya ce kujera ba riga ba ce. Wanda aka gyara wa kujera so yake baƙo ya shigo ya ce an yi sababbi, shi kuma ya yi murmushi ya yi shiru. Ya ce akwai gidajen da ya je gaisuwa ya zauna a kan aikin hannunsa, mai gidan na ba sauran baƙi labarin kantin da ya sayo ta, shi kuwa yana gyaɗa kai tare da su. Na yi dariya na ce lallai sana'arku ta 'yan ɓoye-ɓoye ce. Na ji maganar da kunne, amma ba ta shige ni ba.

A ƙofar makarantar nan na san Maman 'Yan Biyu. 'Yan biyunta ajinsu ɗaya da autarmu. Mace ce mai tsafta da kamun kai, kayanta kullum a goge, ba ta shiga hirar da ba ta shafe ta ba, a guruf ma iyakarta ta rubuta an gode. Wata rana ta jira har mutane suka ragu, ta matso kusa da ni ta tambaya ƙasa-ƙasa ko maigidana yana zuwa gida ya ɗauki kujeru da kansa. Na ce har ya mayar. Ta ce to ya zo da safe bayan an kai yara makaranta, kuma ba sai motar ta daɗe a ƙofar gida ba.

Ya je ya ɗauko su, doguwa ɗaya mai cin mutum uku da ƙanana biyu. Yana da wata ɗabi'a a aikinsa: kafin ya taɓa kujera sai ya ɗauke ta hoto a inda ya same ta, gaba da baya da gefe, don ya tuna yadda aka jera maɓallai da inda kowace tattara ta kwanta, saboda in ya tuɓe yadin ba abin da zai tuna masa. Iyakar amfanin hoton ke nan a wurinsa. Kujerun kuwa tsofaffin kirki ne, katakonsu mai nauyi, irin wanda ya ce yanzu ba a samu. Kwana goma sha biyu ya yi a kansu yana 'yar waƙa a maƙogwaro, abin da na daɗe ban ji ba. Ya canza soso, ya ɗaure sifirin ɗaya bayan ɗaya da igiya, ya sa yadi ruwan toka mai laushi da ta zaɓa. Da ya mayar ya jera mata su, ya sake ɗaukar hoto don kansa, saboda aikin ya burge shi.

Ranar Asabar da safe, yana shan shayi kafin ya fita, na ɗauki wayarsa kamar yadda na saba na tura wa kaina sababbin hotuna. Bayan ya tafi na zauna ina dubawa, sai na ga biyu a jere, kujerun a yage da kujerun a gyare, nan take dabara ta faɗo mini. Ashe abin da na rasa tun farko ke nan. Mutane ba su gane gyara ba ne don ba su ga yadda kujerar take kafin a taɓa ta ba, kuma gani ya kori ji. Ban tambayi kowa ba, na haɗa hotunan gefe da gefe, na rubuta a ƙasa cewa kada kowa ya yar da tsohuwar kujerarsa, na tura guruf ɗin iyayen yara, mu saba'in da wani abu.

Kafin in gama wanke kofuna saƙonni sun fara shigowa. Wannan ta ce ba ta yarda kujera ɗaya ba ce, waccan ta ce a turo mata lamba. Ina tsaye a kicin ina rawar kafaɗa ni kaɗai. Sai wata ta rubuta cewa ai ta gane labulen nan, falon Maman 'Yan Biyu ne. Wata ta biyo baya tana tambaya, wai ina ƙaton talabijin ɗin da ke bangon nan, ko shi ma an kai gyara. Ba na jin da mugunta ta faɗa, irin mutanen nan ne da yatsansu ya fi hankalinsu sauri. A ƙasan wannan sai ga ɗan rubutun da waya ke yi da kanta, cewa Maman 'Yan Biyu ta fita daga guruf.

Sai a lokacin na buɗe hoton na dube shi da kyau. Da, kujera kawai nake gani. Yanzu na ga bangon da ke bayanta, da wani fili mai kusurwa huɗu inda fenti bai dushe ba, wayoyin lantarki biyu na reto a ƙasansa. Na ga sawun ƙafafun kabad a kan tayil, babu kabad ɗin. Babu kafet, babu teburin tsakiya. Falon ba komai a cikinsa sai kujerun nan uku da labule. Na goge hoton nan take, amma waya ta nuna mini mutum hamsin da ɗaya sun riga sun gani.

Na ɗauki jakata na tafi shago. Na same shi yana yanka soso. Na faɗa masa komai ban rage ba, don in na tsaya gyara magana ba zan iya faɗa ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ba ya yi. Ya ajiye wuƙar, ya goge hannunsa a jikin wando.

"Kin san abin da ya sa ake barina in shiga har falo?" ya ce. "Don ba na gani. Na shiga gidan nan, na ga abin da kika gani yanzu, na ɗauki kujeru na fito. Tunda na fara aikin nan ban taɓa fitar da labarin gidan kowa ba."

Na ce kuskure ne, talla nake nema mana.

"Na sani. Amma yanzu wace mace ce za ta buɗe mini ƙofarta?" Ya ɗauki wuƙar ya ci gaba da yanka. "Wataƙila gara in kira Yaya tun da wuri, kada in ɓata masa lokaci."

Maganar nan ta fi mini mari zafi. Garin neman ƙiba na samo rama, kuma ba ni kaɗai ba, har da baiwar Allahn da ba ta yi mini komai ba sai yarda. Na roƙe shi kada ya kira tukuna, saura sati shida a wa'adin. Ya ce shi ba wa'adi ne a gabansa ba yanzu, in je in ga matar.

Na je washegari da la'asar ba tare da na kira ba, don na san in na kira ba za ta ɗauka ba. Ita ta buɗe ƙofa. Ta dube ni, ta matsa gefe, na shiga. Kujerun na nan a jere, sun fi kyau a ido fiye da a hoto, ni kuwa na kasa zama a kansu, na durƙusa a kan tayil. Ta ce in tashi in zauna, ai don zama aka gyara su. Na ɗosana a bakin ƙaramar kamar mai jiran allura.

Ba ta zage ni ba, da ta zage ni ma da na fi samun sauƙi. Labari ta ba ni a hankali tana kallon hannunta. Wurin aikin mijinta ya rufe wata takwas da suka wuce. Suka riƙa fitar da kaya ɗaya bayan ɗaya don kada a cire yara daga makaranta. Ko ƙannenta ba su sani ba, in sun ce za su zo sai ta ce su bari ita za ta je. Yanzu ya samu wani aikin, ƙarami, sun fara samun sa'ida, shi ne ta ce bari ta fara da kujeru, ko ta samu inda za ta zaunar da baƙo ba tare da ta shimfiɗa zani a kan yaga ba. Tun jiya kuwa mutum shida sun kira ta suna yi mata jaje, har da wadda ta ce tana da tsohon talabijin in suna so.

"Wata takwas ina rufe ƙofata," ta ce, "ke kuma kika buɗe ta da yatsa ɗaya."

Na ce ta yafe mini, na sake cewa ta yafe mini, hawaye na zuba. Ta ce ta san ba da gangan na yi ba, kuma ta yafe, amma in bar ta tukuna, kada in riƙa tare ta a ƙofar makaranta da fara'ar nan tawa. Ta raka ni har bakin ƙofa, ta ce in gaya wa maigidana aikinsa ya yi kyau.

Da na dawo gida na faɗa kan doguwar kujerarmu, ta haɗiye ni kamar yadda ta saba. Ya kamata in faɗi gaskiya game da kujerar nan. A duk layinmu babu wadda ta kai ta lalacewa. Tun ta aurenmu ce. Ƙafarta ɗaya ta karye an tokare da bulo, tsakiyarta rami ne, hannunta na dama yara sun ƙwaƙule soson har katako, ni kuma na lulluɓe ta da tsohon zanin gado ina sokewa ta ko'ina. Duk shekara maigida sai ya ce in ya samu sarari zai duba ta. Lokacin da aiki ke da yawa babu sararin, da aiki ya ragu kuma ya ce yadin da ke shago na mutane ne. Baƙo in ya zo, da dabara nake karkatar da shi zuwa ta gefe.

Ina cikin ramin nan tunani ya zo mini. Dabarar hoto biyun ba ita ce ta ɓaci ba, mutane sun gani kuma sun gane. Matsalar ita ce asirin da na tona ba nawa ba ne. To in dai tallan nan sai an tona asirin wani falo, ai ni ma ina da falo.

Da maigida ya dawo na yaye zanin gadon gaba ɗaya, na zauna a tsakiyar ramin, gwiwoyina sun kusa taɓa haɓata, na miƙa masa waya na ce ya ɗauke ni. Ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Mai gyaran kujeru guda, a nuna wa duniya wannan a gidansa? Masu walda kaɗai sun ishe shi, shekara za su yi suna masa dariya. Na ce ai sai mu sha dariyar, mu da muka ja wa wata abin da ya fi dariya ciwo. Ya ce mu? Na ce to, ni. Ya tsaya yana kallona a cikin ramin, ina ƙoƙarin zama da mutunci, sai dariya ta ƙwace masa, ta farko tun ranar Asabar. Ya ja da baya ya durƙusa don bulon ya fito sosai, ya ɗauka.

Na tura a guruf ɗin iyaye, na rubuta: "Ranar Asabar na ɗora hoton da ba ni da izinin ɗorawa. Laifina ne ni kaɗai, maigidana bai sani ba, kuma na je na ba da haƙuri. Ga tawa kujerar, ta gidan mai gyaran kujeru, ku yi dariya son ranku. Daga yau ita kaɗai za ku gani. Duk wanda ya ba mu aiki, a gabansa za a goge hoton kujerarsa ranar da aka mayar masa."

Dariya kam an yi ta. Wata ta ce ta ɗauka a rijiya na faɗa. 'Yan ajinmu suka ɗauki hoton suka yi ta yawo da shi. Ƙanwata ta kira ta ce na gama zubar da mutuncin dangi, sannan ta tambaya ko maigida zai iya duba nata kujerun. Masu walda kuwa suka sa wa maigida suna Mai Bulo, har yau sunan bai bar shi ba.

Ya ɗauki kujerar ya kai shago, ni kuma kullum in na kai abinci sai in ɗauki ɗan gajeren bidiyo. Yau an tuɓe ta. Yau ga abin da aka samu a cikinta, cokali uku da rabin mataji da makullin da muka taɓa fasa kwaɗo saboda shi. Yau an sa ƙafa, gobe ɗaurin sifirin. Ba ya magana a bidiyon, hannunsa kawai ake gani, ni ce mai sharhi. Mutane suka riƙa jira, in na makara sai a tambaye ni ya jikin mara lafiya.

Maganar aiki kuwa ba a guruf ta zo ba. A keɓe saƙonni suka riƙa shigowa, ɗaya-ɗaya, kowace da irin shimfiɗarta: wai ba tata ba ce ta wata 'yar uwarta ce, wai kujerar ba ta lalace sosai ba, yara ne kawai. Kusan kowace sai ta ƙare da cewa don Allah kada wani ya ji. Na koyi amsa saƙo da safe, in haɗu da mai shi a ƙofar makaranta da rana mu yi hirar jarrabawar yara kamar ba abin da ya haɗa mu. Wannan ya fi mini duk tallan da na yi wuya, don ni riƙe magana a ciki kamar riƙe tari ne. Nas ɗin nan ta asibiti ta ga bidiyon a wayar wata, ta tuna da ni, ta haɗa maigida da mai kula da kayan asibitin, aka ba shi benci takwas. Ba wai aiki ya yi ta kwarara ba ne, kada in ƙara gishiri. Amma shagon ya cika har sai da ya jingina wasu kujerun a tsaye, rediyo kuma ba a jin sa saboda guduma.

Maman 'Yan Biyu ta yi sati uku ba ta dube ni ba, ni ma na kiyaye, ina tsayawa can gefen mai sayar da alawa. A sati na huɗu ta bi ta gabana ta ce ina wuni, ya yara, ta wuce. A satin ne wani dattijo ya zo shago da kujerun ofis shida a bayan mota. Ya ce wata maƙwabciyarsa ce ta ba shi lambar, ta ce aikin mutumin yana da kyau kuma ba shi da surutu, matarsa ce dai sai a hankali. Ban tambayi sunan maƙwabciyar ba. Maigida ya yi ta dariya har da riƙe ciki.

Ranar da wa'adin Yaya ya cika ina shago da rana. Duk satin ban tambaye shi abin da ya yanke ba, tsoro nake ji, don aikin sati shida ba shi ne albashin kowane wata ba, kuma na san yana auna wannan a ransa. Yana durƙushe a bayan wata kujera da aka kifa, ƙananan ƙusoshi a bakinsa kamar yadda yake yi in yana ɗaurin yadi, sai wayarsa ta yi ƙara a kan tebur. Na duba na ga Yaya ne. Ya yi mini alama da ka in ɗauka. Na gaishe da Yaya, na tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi yara, ina ta jan gaisuwar don kada a zo ga maganar. Daga ƙarshe ya ce in ba shi ƙaninsa.

Na kara masa wayar a kunne, don hannunsa ɗaya na riƙe da yadi ɗaya da guduma. Ya ajiye gudumar ya zubo ƙusoshin a tafinsa. Suka gaisa. Ya saurari Yaya har ya gama.

"Yaya, na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci," ya ce. "Amma a ba wani. Akwai kayan mutane a hannuna, ba zan iya tafiya in bar su ba."

Ban ji abin da Yaya ya ce ba. Da suka gama na ajiye wayar, na zauna a kan abin da ke kusa. Daɗi ne ya cika ni, irin wanda ban san inda zan sa shi ba, na rufe fuska da hannu ina dariya ina hawaye. Zai kwana a gida yau, da gobe, da watan gobe. Ya bar ni na ɗan yi, sannan ya mayar da ƙusoshin bakinsa, ya taɓa kafaɗata da gwiwar hannu, ya ce ta gefen baki in ɗan tashi, a kan soson da zai yanka na zauna.